Hoto Ko Fim: Da Wanne Mai Son Ɗaukar Shimfiɗar Ƙasa Ya Kamata Ya Fara?

A shekarar 2008 kamfanin Nikon ya fitar da kyamarar D90, Canon kuma ya biyo baya da 5D Mark II, daga nan aka wayi gari kusan duk kyamarar kirki da mutum zai saya tana ɗaukar hoto tana kuma ɗaukar bidiyo, ba abin da ya raba ayyukan biyu a jikinta face maɓalli guda. Wannan sauƙin ne yake sa matashin da Allah ya ɗora wa son duwatsu da koguna da sararin daji ya ɗauka cewa sana'a ɗaya ce, ya fita da niyyar cin biyun a tafiya ɗaya, ya dawo da hotunan da ba su kai a rataya a bango ba, da guntayen bidiyon da ba za su haɗu su zama fim ba. Ayyuka ne biyu da suka yi tarayya a na'ura, amma sun sha bamban a irin idon da suke nema, da kayan aikin da suke ci, da abin da suke yi wa lokacin mai su bayan ya dawo gida. Wanda aljihunsa da lokacinsa ba za su ɗauki biyun a tashin farko ba, kuma yawancinmu haka muke, dole ne ya zaɓi wanda zai fara ƙwarewa a kai.

Kafin a je ga maganar kuɗi, ya kamata a fara duba wurin da ake son ɗauka, domin ba kowane wuri ne yake ba da kansa ga hanyoyin biyu daidai wa daida ba. Dutsen Zuma, wanda yake gefen hanyar Abuja zuwa Kaduna kuma hotonsa yake jikin takardar naira 100, abu ne da duk kyawunsa yake cikin siffarsa da yadda haske yake kwanciya a jikinsa. Idan aka kafa kyamara aka yi masa bidiyo na minti ɗaya, abin da mai kallo zai gani a daƙiƙa ta sittin shi ne abin da ya gani a daƙiƙa ta farko, sai dai idan gajimare ya taimaka. Haka Dutsen Wase yake, da Kufena a Zariya, da duwatsun Riyom da suka hau kan juna, da tsaunukan Rumsiki a arewacin Kamaru, da tuddan rairayi na Tulo-Tulowa a Yusufari. Waɗannan wurare ne na hoto, aikin mai ɗauka a cikinsu shi ne ya samu matsayar da ta dace da lokacin da inuwa za ta fito da ƙirar wurin. Amma ruwan Gurara a watan Agusta, lokacin da ya cika ya koma ja yana faɗowa daga tsayin kimanin mita 30, rabin abin da yake ratsa zuciyar mutum a wurin rugugi ne da feshin da yake tashi, kuma hoto ba shi da hanyar kawo ko ɗaya daga cikinsu yadda suke. Haka garken tsuntsayen da suke zuwa daga Turai su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru, musamman a Dagona: tashinsu gaba ɗaya da juyawarsu a sama shi ne abin kallon. Haka kuma raɓa da hazon safiya da suke malala tsakanin tuddan Mambila. Saboda haka tambayar farko da mutum zai yi wa kansa ita ce, idan ya tuna wurin da ya fi burge shi, siffa da launi yake tunawa, ko motsi da sauti?

Maganar haske ta shafi biyun, amma ba ta matsa musu iri ɗaya ba. Ƙasarmu tana kusa da tsakiyar duniya, Kano tana kan daraja 12 ne a arewa da layin da ya raba ta, don haka rana tana fitowa a miƙe tana kuma faɗuwa a miƙe. Rana tana tafiyar daraja ɗaya a duk minti huɗu, wato daga lokacin da ta sauko ta yi ja-ja zuwa faɗuwarta bai fi rabin awa ba, hasken da yake saura bayan ta faɗi kuma bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Littattafai da darussan da aka shirya a Turai suna maganar awa guda ta haske mai laushi, wani lokaci fiye da haka a lokacin zafinsu, amma mu abin da muke da shi shi ne ɗan tsakanin sakaliyar la'asar da kiran magariba, da kuma ɗan tsakanin idar da sallar asuba da hantsi. Mai hoto wannan ɗan lokacin ya ishe shi, domin hoto ɗaya mai kyau yake nema, kuma idan ya riga ya zagaya wurin da rana ya san inda zai tsaya, minti goma sun wadatar. Mai fim kuwa ba ya gina komai da ɗauka ɗaya. Yana buƙatar ɗauka mai faɗi da za ta nuna wurin, da ta tsakiya, da ta kusa da za ta nuna ganye ko ruwa ko tsagar dutse, kowacce aƙalla daƙiƙa goma zuwa ashirin, kuma dole haskensu ya yi kama da juna idan an jera su. Fim ɗin minti uku, idan ana sauya ɗauka duk bayan daƙiƙa biyar ko shida, yana cin ɗauka talatin ko fiye, kuma ba a samun talatin masu kyau a yammaci ɗaya. Ke nan abin da mai hoto zai gama a kwana guda, mai fim sai ya kwana uku ko huɗu a wurin, da kuɗin masauki da na abinci da na ɗan rakiya.

Sa'annan akwai iyakar da fim ya gindaya wa kyamara wadda hoto bai san da ita ba. Mai hoto yana da 'yancin ya buɗe ƙyauren kyamararsa na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa don ya daskarar da ɗigon ruwa a iska, ko ya bar shi buɗe na daƙiƙa takwas don ruwan Matsirga, wanda yake faɗowa daga dutse kusa da Kafanchan, ya fito sumul, ko na daƙiƙa ashirin don ya kama taurari. Mai fim da yake ɗaukar hotuna 25 a daƙiƙa, wanda shi ne ya dace da ƙasashen da wutar lantarkinsu take bugawa sau 50 kamar Najeriya da Nijar, an ɗaure shi a wajajen kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, domin idan ya yi sauri fiye da haka sosai motsi zai fito yana tsalle-tsalle, ba yadda ido ya saba gani ba. A tsakar ranarmu, wannan yana nufin sai ya matse ƙofar haske zuwa f/22 (duk lambar da ta fi girma, ƙofar ta fi ƙanƙanta), inda hoton yake fara dushewa, ko kuma ya ɗaura gilashin rage haske, wanda ake kira ND, a gaban idon kyamarar. Idan yana son ya koma f/8 yana buƙatar gilashin da zai rage hasken ninki takwas, idan kuma yana ɗauka da salon log, wato ɗauka mai dusashen launi da ake gyarawa daga baya, wanda yawanci yake farawa daga ISO (ma'aunin saurin karɓar hasken kyamara) 640 ko 800, yana buƙatar mai rage ninki 64. Ga mai hoto wannan gilashin ƙari ne da zai saya ranar da ya ga dama, ga mai fim kuwa tilas ne tun ranar farko.

Yanayin shekara shi ma yana da nasa hukuncin. A hunturu, daga Nuwamba zuwa wajajen Fabrairu ko Maris, hazo yana shanye launi, sama ta koma fari-fari, rana kuma takan zama faifai maras ƙarfi ta ɓace tun kafin ta kai ƙasa. Mutane da yawa suna ajiye kyamara a wannan lokacin, kuma a ganina asara suke yi, domin hazo yana jera tsaunuka bi-da-bi, na kusa baƙi, na bayansa toka-toka, na can nesa kamar za su narke, kuma da gilashin idon kyamara mai jawo nesa ana samun hotunan baƙi da fari da damina ba ta taɓa bayarwa. Sai dai hazon nan ƙura ce, kuma ƙurar tana shiga cikin kyamara duk lokacin da aka cire gilashi don a sauya wani. Ɗigon ƙura a kan faifan da yake karɓar haske ba ya fitowa sosai idan ƙofar haske a buɗe take, amma a f/11 ko f/16, inda mai ɗaukar shimfiɗar ƙasa ya fi zama, sai ya fito baƙi-baƙi a sararin sama. A hoto, taɓawa ɗaya a kwamfuta ta share shi. A bidiyo, musamman idan kyamarar tana juyawa, ɗigon yana nan daram a wuri ɗaya yayin da duk duniya take wucewa a bayansa, kuma cire shi aiki ne na sa'o'i wanda ba kullum yake yin kyau ba. A bazara kuma matsalar zafi ce: yawancin kyamarori an ƙayyade musu aiki tsakanin digiri 0 da 40 ne, alhali a Afrilu ana wuce 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Kyamarar da take ɗaukar hoto jefi-jefi ba ta cika damuwa ba, amma wadda take naɗar bidiyon 4K, wato bidiyo mai yawan ɗigo sosai, tana haifar da nata zafin a ciki, kuma ƙananan kyamarori da dama suna kashe kansu idan abin ya yi yawa. Lokacin da ya fi yi wa biyun adalci shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, Satumba da Oktoba, lokacin da ruwa ya wanke iska, ciyawa tana kore, gajimare yana tasowa da rana, hanyoyi kuma sun fara bushewa.

A fagen kaya ne bambancin yake fitowa fili, kuma a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu, domin farashin kyamara kawai suke dubawa. Fim kamar doki yake, sayensa ba shi ne wahala ba, harawa da dusar kullum su ne. Mai hoto yana buƙatar kyamara, da gilashi mai faɗi da mai jawo nesa, da ƙafar kyamara mai ƙarfi, da gilashin yanke ƙyalli wanda yake fito da shuɗin sama da koren ganye, sai batir biyu da katin memori. Kyamarar ma ba dole ta zama sabuwa ba: Nikon D7100 ta 2013, ko D750 ta 2014, ko Canon 6D ta 2012, waɗanda ake samu na hannu, har yau suna fitar da hoton da idan aka buga shi ba mai iya cewa ga shekarar na'urar. Hoton megafiksel 24 yana da ɗigo 6,000 a tsawo da 4,000 a faɗi, wanda ya isa a buga shi tsaf a kan takarda mai tsawon rabin mita, har ma fiye idan daga ɗan nesa za a kalla. Amma waɗannan kyamarorin guda uku ba wadda take ɗaukar 4K, domin fasahar bidiyo ta fi ta hoto saurin tsufa.

Kuma ba yawan ɗigo ne kaɗai abin dubawa ba. Sararin sama na magariba yana sauyawa a hankali daga ja zuwa ruwan goro zuwa shuɗi, kuma yawan matakan launin da kyamara take iya riƙewa shi ne yake sa wannan sauyin ya fito sumul ko ya fito layi-layi. Hoton RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa shi ba, yana riƙe matakai 4,096 ko 16,384 a kowane launi. Bidiyo mai bit 8 yana riƙe 256 kacal, mai bit 10 kuma 1,024. Shi ya sa mai hoto yake iya ɗago inuwar gindin dutse ya danne hasken sama a kwamfuta ba tare da hoton ya farfashe ba, alhali mai bidiyon bit 8 da ya ɗan ja launinsa sai sama ta tsattsage. Kyamarorin da suke naɗar bit 10 a cikinsu, irin su Panasonic GH5 ta 2017 da Fujifilm X-T4 ta 2020, sun fi dacewa da wannan aiki, yayin da Sony A7 III ta 2018, duk da farin jininta da kyawun hotonta, bit 8 take bayarwa a bidiyo. Bayan kyamarar, mai fim yana buƙatar ƙafa mai kan da yake juyawa a hankali ba tare da fizga ba, domin kan da mai hoto yake amfani da shi an yi shi ne don a ɗaure a bari. Yana buƙatar katin memori mai sauri, da batura huɗu ko biyar, tunda batirin da zai ɗauki ɗaruruwan hotuna bai cika wuce awa ɗaya zuwa biyu yana naɗar bidiyo ba, kuma a Gembu ko a sansanin Gashaka-Gumti ba kowane dare ake da tabbacin wurin caji ba.

Lissafin ajiya ya isa ya sa mutum ya sake tunani. Hoton RAW na megafiksel 24 yana cin megabait 25 zuwa 30, don haka hotuna 200 na yini guda ba su wuce gigabait 6 ba. Bidiyon 4K da ake naɗa a megabit 100 a daƙiƙa (megabit takwas ne megabait ɗaya), wanda matsakaici ne, yana cin megabait 750 a minti ɗaya, wato gigabait 45 a awa. Abin da mai hoto ya tara daga asuba zuwa magariba, mai fim ya cinye shi a minti takwas. Wannan yana nufin rumbun ajiya na waje, kuma biyu, domin wanda ya ajiye aikinsa a wuri ɗaya ranar da rumbun ya lalace ba shi da wurin kai kuka. Yana nufin kwamfuta mai ƙarfi, domin tsohuwar kwamfutar da take tafiyar da manhajojin tace hoto irin su Lightroom ko Darktable lami lafiya za ta riƙa sarƙewa idan aka ɗora mata 4K mai bit 10 a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, duk da cewa manhajar tana da nau'in kyauta mai inganci. Yana kuma nufin wuta mai ɗorewa na sa'o'i, ko janareta ko sola, da data mai yawa ranar ɗorawa a intanet. Mai hoto yana iya tace hotuna biyar da cajin da ya rage a kwamfutarsa kafin a dawo da wuta.

Abin da masu zuwa daga hoto suka fi rainawa kuma ya fi ba su kunya shi ne sauti. Mai kallo yana yafe wa bidiyon da haskensa bai cika ba, amma ba ya daƙiƙa goma a kan wanda iska take bugun makirufonsa. A saman Dala ko Goron Dutse ko tuddan Shere iska ba ta tsayawa, kuma makirufon da yake jikin kyamara ba ya jin komai sai ita, don haka sai an nemi na waje, an sa masa rigar gashi, an kuma sa abin ji a kunne ana saurare yayin naɗa. A nan ne mutum yake gane yadda ƙasar da yake zaton shiru ce take cike da ƙara: injin niƙa a ƙauyen da yake can ƙasa, babur a hanyar da ido ba ya gani, injin ban ruwa a fadama, lasifikar masu talla ranar kasuwa. Hoto yana yanke duk wannan ya bar dutse da bishiya, makirufo kuwa ba ya zaɓe. Mafita ita ce a naɗi sautin daban, da sassafe kafin gari ya tashi, minti biyu ko uku na kukan kurciya da motsin ganye da gudun ruwa, a shimfiɗa shi a ƙarƙashin hotunan lokacin tacewa. Da yawa suna guje wa wannan wahalar su lulluɓe komai da kiɗan da suka sauke daga intanet, sai fim ɗin Mambila ya fito da muryar wata ƙasa, ga kuma rigimar haƙƙin mallaka da take iya sa a toshe shi ko a karkatar da kuɗinsa. Amma wanda ya iya sauti ya samu abin da mai hoto ba zai taɓa samu ba, domin yana iya sa muryar makiyayi ko masunci ko manomin wurin yana ba da labarin yadda tafkin yake a da da yadda ya koma yanzu.

Akwai kuma maganar mutane da hukuma, wadda ba a koyar da ita a darussan intanet. Babu dajin da ba shi da masu shi, kuma ladabi da hikima duka sun nuna a fara gaida mai unguwa ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi yaron da zai yi rakiya, kada kuma a juya kyamara wajen matan da suke rafi ko gona ba da izini ba. Mai hoto da ƙaramar jaka yakan gama ya wuce kafin a ankara. Mai fim da ƙafa da makirufo da tsayuwar awa biyu a wuri ɗaya yana tara yara da tambayoyi, kuma a kusa da madatsar ruwa ko gada ko shingen jami'an tsaro tambayoyin ba na wasa ba ne. Gandun daji na hukuma sukan bambanta mai yawon buɗe ido da mai shirya fim a wajen izini da kuɗin shiga, don haka a tambaya tun kafin a tashi. Jirgi marar matuƙi kuwa, wanda shi ne burin kowane sabon mai fim, tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ta bayyana cewa ba a tashinsa sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Sannan halin tsaro ya sa wurare masu ban sha'awa da dama, daga dazukan Zamfara da Birnin Gwari zuwa sassan tsaunukan Mandara inda Sukur take, da tsaunukan Azbin a arewacin Agadas, ba wuraren da mutum zai je ya yi kwanaki ba tare da sahihin labari daga mutanen yankin ba. Aikin da yake buƙatar kwana ɗaya ya fi wanda yake buƙatar huɗu sauƙin shiryawa a irin wannan hali.

A wajen masu kallo da samun kuɗi kuwa, fim ne yake gaba, kuma ba da tazara kaɗan ba. Facebook da Instagram da TikTok sun fi tura bidiyo gaban mutane, hoton da aka sha wahala a kansa kuma yakan ƙare a allon waya, an matse shi, an kalle shi daƙiƙa biyu an wuce. Ƙungiyoyi masu aikin muhalli da noma, da hukumomin yawon buɗe ido, da masu shirya finafinan Hausa da suke neman ɗaukar da za ta nuna gari ko daji kafin labari ya shiga, duk bidiyo suka fi nema. YouTube yana fara raba kuɗin talla da mai tasha idan ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin wata goma sha biyu, abin da ba ya samuwa da wuri ga mai nuna duwatsu kawai ba tare da labari ba. Kasuwar hoton shimfiɗar ƙasa ƙarama ce: bangon otal da ofis, kalanda, littafi, baje koli jefi-jefi. Gaskiyar da ta shafi biyun ita ce, a ƙasar nan biki da suna da taro su ne suke ciyar da mai kyamara, kuma yawancin masu ɗaukar daji da kuɗin can suke zuwa nan.

Duk da haka, shawarata ga wanda yake farawa kuma yana da kuɗin kyamara ɗaya ta hannu ita ce ya fara da hoto, ya ba shi shekara guda cur, ya ga wuri ɗaya a hunturu da bazara da damina da kaka. Dalilina shi ne duk abin da hoto yake koyarwa fim yana buƙatarsa: inda za a tsaya, abin da za a bari a cikin firam da abin da za a fitar, yadda za a sa wani abu a gaba, kamar kuka ko giginya ko kwalekwale, don nisa ya fito, da yadda ake karanta haske kafin ya zo. Ɗaukar bidiyon da tsarinta bai yi kyau ba, motsi ba ya gyara ta, sai dai ya ɗauke hankalin mai ita daga ganin aibinta. Hoto ba ya ɓoye kuskure, kuma gyaran kuskuren ba shi da tsada, domin gobe ma ana iya komawa. Rarar kuɗin da ba a kashe a batura da rumbu da kwamfuta ba, a zuba ta a ƙafa mai ƙarfi da kuɗin mota, waɗanda su ne suke bambanta hotunan mutum fiye da sunan kyamararsa.

Shawarar tana juyewa ga mutum iri biyu. Na farko shi ne wanda ba shi da komai sai waya. Wayoyin zamani sun fi kusantar manyan kyamarori a bidiyo fiye da a hoto, domin suna daidaita girgiza da kansu, kuma bidiyon a waya za a kalle shi, alhali hotonsu idan aka buɗe shi a babban allo sai a ga ganye da ciyawa sun cakuɗe saboda gyaran da wayar take yi da kanta, ga shi yawancinsu ba su da gilashin jawo nesa na gaske. Irin wannan mutum ya sayi ƙaramar ƙafa da makirufo, ya koyi tsayar da waya cik na daƙiƙa goma sha biyar, idan kuma zai juya ta ya bar abu ya ɗauki kamar daƙiƙa bakwai kafin ya ratsa allon daga gefe zuwa gefe. Na biyu shi ne wanda abin da yake damunsa labarin wurin ne, kamar janyewar Tafkin Cadi, ko rairayin da yake cin gonaki a arewacin Yobe, ko ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja. Wannan ko ya fara da hoto zai ji bakinsa a ɗaure, gara ya shiga fim kai tsaye ya koyi tsarin firam a hanya.

Wanda har yanzu yake kokwanto yana da gwaji mai arha, wato ɗaukar taƙaita lokaci, inda ake kafa kyamarar hoto ta riƙa ɗauka da kanta duk bayan 'yan daƙiƙu, daga baya a jera hotunan su zama bidiyo. Daƙiƙa goma na bidiyo suna buƙatar hotuna 250, kuma idan ana ɗauka duk bayan daƙiƙa biyar, zaman minti 21 ke nan ba tare da an taɓa kyamarar ba. Ba ya buƙatar makirufo ko kan ƙafa na musamman, tsohuwar kyamarar megafiksel 24 ma tana ba da abin da ya zarce 4K, tunda 4K bai wuce megafiksel 8 da ɗoriya ba, kuma shi ne yake sa dutse irin Zuma ya yi rai idan hadari yana haɗuwa a bayansa. Sai dai a kashe duk wani saiti da kyamara take sauyawa da kanta, na haske da na launi da na saita gani, a kafa su da hannu, in ba haka ba bidiyon zai fito yana ƙyaftawa, kuma a rataya jaka mai nauyi a ƙarƙashin ƙafar saboda iskar da take riga ruwa isowa.